Daga Aradu zuwa Nusret: Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Samfurin Jiragen Yaƙin da Ba Su Yi Suna Ba

Na daɗe ina haɗa ƙananan samfuran jiragen ruwan yaƙi a ɗakina da ke Samaru. Baƙon da ya shigo ya ga kabad ɗin gilashin, da wuya ya wuce bai tsaya ba. Wasu su yi tambaya ɗaya su tafi, wasu kuma, musamman ɗalibai da tsofaffin soja, su dawo bayan mako guda da 'yar takarda a hannu, an rubuta sunan jirgin da suke so. Kuma galibi ba Bismarck na Jamus ko Yamato na Japan, shahararrun manyan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, suke nema ba. Jirgin da mahaifin wani ya yi aiki a cikinsa ne, ko wanda aka ci karo da sunansa a darasin tarihi. Tambayoyin da aka fi maimaita mini su ne waɗannan.

Malam, wai me ke cikin kwalin nan? Jirgi ne haɗaɗɗe?

A'a. Wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro ya riga ya san rabin aikin. Bambancin shi ne, a nan kamfani ya riga ya zuba maka sassan: gangar jirgin, daɓensa, bututun hayaƙi, bindigogi, kwale-kwalen ceto, duk suna maƙale a jikin firam na roba. Kai ne za ka yanko su, ka goge, ka manna, ka yi fenti. Akwai takardar bayani mai zane, akwai kuma sitika irin wadda ake jiƙawa a ruwa kafin a zame ta a jikin jirgin, mai ɗauke da lamba da tuta. Gam da fenti ba sa zuwa a ciki, in ban da wasu kwalayen da aka yi wa masu koyo.

Me ake nufi da 1/700 da 1/350 da nake gani a jikin kwalaye?

Ma'auni ne. Lamba ta biyu tana gaya maka sau nawa aka rage girman jirgin gaskiya. Ɗauki NNS Aradu na rundunar sojan ruwan Najeriya, mai tsawon kusan mita 125. A ma'aunin 1/700 zai fito kamar santimita 18, wato ya ɗan fi biro tsawo. A 1/350 zai kai santimita 36. Yamato kuwa, mai mita 263, a 1/350 santimita 75 ne, sai ka ware masa tebur.

Mai farautar jiragen da ba su yi suna ba ya fi samun rabo a 1/700. Dalilin yana da tarihi. A 1971 kamfanoni huɗu na yankin Shizuoka a Japan, wato Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, suka raba jiragen yaƙin ƙasarsu a tsakaninsu, kowa ya ɗauki nasa, suka fitar da su a wannan ma'auni, an yanke gangar daidai inda ruwa yake tsayawa don a ajiye jirgin kamar yana kan teku. Tun daga nan 1/700 ya zama kasuwar da kowa yake kawo hajarsa, manya da ƙanana. Amma tsofaffin kamfanonin Turai suna da nasu: Airfix na Ingila ya yi jiragensa a 1/600, Heller na Faransa a 1/400. Kada ka ƙi jirgin da ka daɗe kana nema don kawai ma'auninsa ya saɓa wa sauran na kabad ɗinka. Ba shi kantarsa daban.

Me ya sa duk inda na duba sai Bismarck, sai Yamato, sai Missouri?

Kuɗin mazubi. Kafin a fitar da kwali ɗaya na roba, sai an sassaƙa mazubin ƙarfe mai tsadar gaske, kuma kuɗin ba ya dawowa sai an sayar da dubbai. Saboda haka manyan kamfanoni suke ta maimaita jiragen da kowa ya sani, kamar yadda mai shago a kasuwar Sabon Gari ba zai cika shagonsa da kayan da mutum ɗaya ke tambaya a shekara ba. Jiragen da ba su yi suna ba sun faɗa hannun ƙananan masu sana'a, wani lokaci mutum ɗaya a bayan gidansa, suna zuba su da rezin, wani ruwa mai daskarewa ya yi tauri, a mazubin roba mai laushi. Irin wannan mazubi ba shi da tsada, amma ba ya daɗewa yake lalacewa. Shi ya sa za ka ga an fitar da jirgi bana, baɗi an neme shi an rasa.

To, ta ina zan fara nema?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Suna rubuta sunan jirgin a Google, ba su ga kwali ba, sai su ce babu. Kada ka fara da sunan jirgi. Fara da danginsa.

Jiragen yaƙi ba ɗaya-ɗaya ake ƙera su ba. Zane guda ake yi, a ƙera biyar ko goma ko ɗari da shi, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Wannan dangin shi ake kira aji, kuma yawanci ana ba shi sunan na farko a cikinsu. Kamfani yakan zaɓi ɗaya daga cikin dangin, wanda ya fi suna, ya sa hotonsa a kwali. Idan naka ɗan uwansa ne, gangarsu ɗaya ce, injinsu ɗaya, sai 'yan bambance-bambance a sama.

Ga misali da jirgin da ya ɗauki sunan ƙasarmu. HMS Nigeria jirgin yaƙin Ingila ne da aka saukar a ruwa a 1939, ya fara aiki a 1940, tsawonsa kusan mita 169. Ranar 12 ga Agusta 1942, yana rakiyar ayarin jiragen da ke kai wa tsibirin Malta kayan agaji, jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum ya harbe shi, amma bai nutse ba. Daga baya aka sayar wa Indiya, ya koma INS Mysore a 1957. To, wannan jirgi ɗan ajin Fiji ne, 'yan uwansa su ne Fiji, Kenya, Mauritius, Trinidad, Jamaica, Gambia da Bermuda. Kowane daga cikin sunayen nan ƙofa ce. Sai dai a kula: Ceylon da Uganda da Newfoundland su ma 'yan gidan ne, amma da ɗakunan manyan bindigogi uku aka ƙera su, alhali Nigeria da huɗu ya fara, kowane da bindiga uku. Wasu daga cikin masu huɗun ma an cire musu ɗaya daga baya. Saboda haka bayan ka san ajin, sai ka tsayar da shekara. Jirgi guda a 1940 da a 1945 kamar mutum ne a samartaka da a dattijantaka.

Da ka san aji da shekara, sai ka shiga Scalemates. Rumbun bayanai ne da masu wannan sha'awa suka tara, yana nuna kusan duk kwalin da aka taɓa fitarwa, da kamfaninsa, da shekararsa, da lambarsa, har da waɗanda aka daina yi. Lambar kwalin nan ita ce abin riƙewa, domin da ita za ka nema a shaguna, ko da an rubuta sunan da haruffan Japan ko na Rasha.

Ranka ya daɗe, na yi aiki a rundunar sojan ruwa kafin in yi ritaya. Ana samun jiragenmu na Najeriya?

Yallaɓai, wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni. Rundunar da aka kafa tun 1956, ga jirage masu sunayen Hausa tsantsa, Aradu, Dorina, Damisa, Kyanwa, Kada, har akwai jirgin sintiri mai suna NNS Zaria, amma manyan kamfanoni ba ta kansu suke ba. Duk da haka hanya ba ta toshe ba, kuma dabarar dangin nan ce za ta yi maka aiki.

Mafi sauƙi su ne NNS Thunder da NNS Okpabana. Dukansu tsofaffin jiragen masu gadin gaɓar tekun Amurka ne 'yan ajin Hamilton, masu tsawon mita 115. Thunder shi ne Chase a da, an miƙa mana shi a 2011. Okpabana shi ne Gallatin, an miƙa shi a 2014. Guda 12 aka ƙera a ajin, wasu sun tafi Filifin da Bangaladash da Biyetnam da Siri Lanka. Ka nema da sunan Hamilton, ka sauya farin fentin Amurka da toka-toka, ka sa lambar F90 ko F93, ka cire makaman da aka kwance kafin a kawo su. Hotunan ranar miƙawa su ne za su nuna maka abin da ya rage a kai.

Na farko da ya amsa sunan Nigeria a rundunarmu jirgin share nakiyoyi ne, HMS Hare a da, da muka karɓa a 1959. Ɗan ajin Algerine ne, kuma an ƙera fiye da ɗari a wannan aji lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don haka masu zubin rezin na Ingila sun san da shi. Kada a rikita shi da NNS Nigeria na 1965, wanda aka ƙera a Holan, daga baya aka sauya masa suna zuwa Obuma. Wannan shi kaɗai ne a zanensa, ba shi da ɗan uwa, sai dai gini daga tushe.

Sai Aradu. Kamfanin Blohm + Voss na Hambug ne ya ƙera shi, aka saukar da shi a 1980, ya fara aiki a 1982, kuma shi ne na farko a duniya da aka ƙera a tsarin MEKO, inda ake dasa makamai cikin akwatuna masu ciruwa. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Danginsa na kusa su ne jirage huɗu na Ajantina 'yan ajin Almirante Brown, MEKO 360 su ma. Don haka neman Aradu yana bi ta masu sana'ar Ajantina, kuma kalmomin nemanka su kasance da Sifaniyanci. Idan ka samu ganga, sauran kayan za ka iya tsintarsu ɗaya-ɗaya. Babbar bindigarsa ta gaba, OTO Melara mai milimita 127, irinta ce a jiragen Japan 'yan ajin Kongo da Takanami, waɗanda kwalayensu suke ko'ina. Helikwaftansa Lynx ne, ana samun sa a kwalayen jiragen Ingila na zamanin yaƙin Falklands. Haka ake tara jirgi, kamar yadda makaniki ke tayar da tsohuwar mota da kayan gwanjo.

Dorina da Otobo, da Vosper Thornycroft ya ƙera a Ingila suka fara aiki a 1972, ƙanana ne, kusan mita 62. A 1/350 ba su kai santimita 18 ba. Ni a ganina su ne suka fi dacewa da wanda zai fara gwada gini daga tushe.

Abu guda nake roƙo, Yallaɓai. Idan kana da hotunan zamanin aikinka, waɗanda ba na sirri ba, ka adana su. Mai haɗa samfuri ya fi buƙatar hoton da aka ɗauka a kan daɓen jirgi fiye da kowane kwali. Matasa kuma ina gargaɗinsu: kada wanda ya je Legas ko Fatakwal ya ɗaga waya yana ɗaukar jirgin soja ko sansani ba da izini ba. A tsaya ga hotunan da rundunar ta fitar da kanta.

Ni jiragen Daular Usmaniyya da na yaƙe-yaƙen Afirka nake so. Akwai su?

Akwai, amma ka tuna kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Jirgin da ba a san shi a Zariya ko a Landan ba, a ƙasarsa gwarzo ne, kuma can ake yin samfurinsa.

Dubi Nusret. Ɗan ƙaramin jirgin dasa nakiya ne na Usmaniyya, tsawonsa kusan mita 40, an ƙera shi a Kiel ta Jamus. A watan Maris 1915 ya dasa nakiyoyi 26 a mashigar Dardanelles, a wurin da Ingila da Faransa ba su zata ba. Ranar 18 ga watan, manyan jiragensu uku, Bouvet da Irresistible da Ocean, suka nutse. A Turkiyya kowane ɗan makaranta ya san sunansa, kuma can za ka nemi samfurinsa, ka rubuta da Turkanci. Haka Hamidiye, wanda ya addabi Girkawa a yaƙin Balkan ƙarƙashin Rauf Orbay, da Ertuğrul, wanda guguwa ta farfasa a gaɓar Japan a 1890. Georgios Averof sai a nema wajen Girkawa, Huáscar wajen mutanen Peru da Chile. Jiragen Folan suna wajen Mirage Hobby da IBG, na Rasha irin su Varyag suna wajen Zvezda, manyan jiragen Jamus 'yan ajin König na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna wajen ICM na Yukren, jiragen Sin na ƙarshen ƙarni na 19 irin su Dingyuan kuma Bronco ya yi su.

Na Afirka sun fi wuya, amma labaransu sun cancanci wahalar. Königsberg na Jamus ya ɓuya a bakin kogin Rufiji a ƙasar da yanzu take Tanzaniya, sai da Ingila ta kawo Severn da Mersey, jirage biyu masu iya shiga ruwa marar zurfi, kafin a gama da shi a Yuli 1915. Kusa da mu kuma, a 1914, Cumberland da Challenger da ɗan ƙaramin Dwarf ne suka tsare Duwala ta Kamaru, wadda take hannun Jamus a lokacin, har ta miƙa wuya ranar 27 ga Satumba, tare da jiragen hukumar ruwa ta Najeriya, cikinsu har da Ivy. Cumberland ɗan ajin Monmouth ne, ɗan uwan Kent da Cornwall. Ga irin waɗannan jirage na ƙarshen ƙarni na 19 da Yaƙin Duniya na Ɗaya, sunan da za ka fara dubawa shi ne Combrig, kamfanin rezin na Rasha da ya fi kowa yawan su.

Idan na gano kwalin, ta yaya zai iso Zariya?

Hanyoyi uku nake bi. Kayan Sin, wato Trumpeter da Hobby Boss da Flyhawk, ana samun su a AliExpress, ko ka ba ɗan kasuwar Kano mai zuwa Guanzu lambar kwalin da hotonsa ya haɗo maka da kayansa. Kayan Japan, HobbyLink Japan na aikawa ƙasashen waje. Na Turai, Hannants na Ingila babban shago ne, waɗanda aka daina yi kuma sai eBay. Kafin ka biya, tabbatar mai sayarwar yana aikawa Najeriya, domin da yawa ba sa yi.

Kuɗin aikowa yakan kai kuɗin kayan, wani lokaci ya fi. Maganinsa haɗin gwiwa: mutum uku ko huɗu su haɗa oda a kwali ɗaya. Ka zaɓi aikowa mai lambar bibiya, ka rubuta lambar wayarka a adireshin, ka riƙa leƙa gidan waya, kuma ka ajiye wani abu a gefe saboda kwastan. Hanyar da ta fi mini kwanciyar hankali ita ce ta ɗan uwa mai dawowa daga karatu ko aiki a waje. Kwalin 1/700 ba shi da nauyi, yana shiga tsakanin kaya. Ka dai roƙe shi ya sa shi a tsakiyar akwati, tufafi sama da ƙasa.

Na ga tsohon kwali na hannu da araha. In saya?

Ka nemi hoton cikinsa tukuna, ba na murfi ba. A baje duk firam ɗin a gani, da takardar bayani, da sitika. Na taɓa sayen wani tsohon kwali daga wani mai sayarwa a Turai, ya rubuta cewa komai ya cika. Bayan wata biyu ya iso, na buɗe na tarar firam ɗin da ke ɗauke da bututun hayaƙi da sandunan jirgin babu shi. Mayarwa ta fi kuɗin kayan, dole na sassaƙa su da hannu. Tun daga ranar ba na biya sai na ƙirga firam a hoto na gwada da abin da Scalemates ya nuna. Roba ba ta tsufa da wuri, kwalin shekara 40 yana haɗuwa lafiya. Sitika ce take mutuwa, ta tsage ko ta yi rawaya. Sai kuma a yi hattara da rezin na jabu, wanda aka kwafa daga aikin wani. Alamarsa araha mai yawa da gefuna marasa kaifi, kuma sayensa kashe kasuwar mutanen da suke yi mana jiragen da ba wanda zai yi ne.

Mene ne bambancin rezin da roba wajen aiki?

Gam ɗin roba yana narkar da fuskokin biyu ne su haɗe. A rezin ba ya ci, sai sufa-gulu. Rezin yana karyewa maimakon lanƙwasa, don haka da ɗan zarto mai siririn haƙori ake raba shi da gindinsa, ba da ƙarfi ba. A wanke sassan da ruwan sabulu kafin fenti, saboda maiƙon mazubi. Ƙurarsa tana cutar da huhu, don haka a jiƙa sanfefa a goge da ruwa, a sa takunkumi. Yawancin kwalayen rezin suna zuwa da siraran sassan tagulla, na shinge da tsani da na'urar rada, waɗanda sai da hantsaki ake ɗaukarsu.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Zafin Maris da Afrilu yana iya lanƙwasa doguwar ganga idan aka bar ta a mota ko ƙarƙashin kwano marar silin. Idan ta iso a karkace, tsoma ta a ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, ka danne ta a kan gilashi har ta huce. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Fenti ɗanye yana kama ta nan take, don haka ka kifa roba ko kwali a kan aikin da zarar ka ajiye buroshi.

Na ji ana buga jirage da na'urar 3D. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya. Yanzu mai zane yana iya zana jirgi a kwamfuta, ya sayar da fayil ɗin ko ya buga maka guda ɗaya tak, ba ruwansa da mazubi. Fayil kuma ba ya biyan kuɗin jirgi, ba ya tsayawa a kwastan. Sai dai na'urorin iri biyu ne. Mai narkar da zaren roba tana barin layi-layi, ta dace da babbar ganga kawai. Ƙananan ma'auni suna buƙatar mai aiki da ruwan rezin da haske. Ka tambayi mai na'urar wace iri ce tasa kafin ka biya, kuma ka nemi hoton abin da aka riga aka buga da fayil ɗin, domin zanen kwamfuta kullum kyakkyawa ne. Ina da yaƙinin cewa Aradu da Dorina ta wannan hanya za su fito, kuma ba na ganin dalilin da zai hana ɗalibin injiniya ko na zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ya zama shi ne ya zana su.

Ba ni da kuɗin duk wannan. Akwai wata hanya?

Takarda. Kada ka raina ta. A Folan da Jamus jiragen kati sana'a ce mai tsohon tarihi, masu buga su irin su GPM da JSC da HMV sun fitar da jirage da dama da ba a taɓa yi da roba ba, tun da buga takarda ba ya buƙatar mazubi. Wasu masu zane ma suna bayar da nasu kyauta a intanet. Ka kai fayil ɗin shagon buga takardu a Samaru ko Kongo, a buga maka a kati mai ɗan kauri, ka sayi reza da rula ta ƙarfe da farin gam na kafinta. Ka dai tabbatar an buga shi a girmansa na asali, kada na'ura ta rage shi don ya cika shafi. Damina ce kawai matsalarsa, don haka a fesa masa banish idan an gama.

Idan an bi duk hanyoyin nan babu fa?

Sai gini daga tushe, kuma abin da za ka nema yanzu zane ne. Gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich a Landan yana riƙe da ainihin zanen jiragen sojan ruwan Ingila masu yawan gaske, kuma yana sayar da kwafi. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museums yana da hotuna a intanet, NavSource kuma na jiragen Amurka. Kundin shekara-shekara na Jane's Fighting Ships, da ake bugawa tun 1898, yana ba da tsawo da faɗi da ɗan zanen gefe na jiragen kowace ƙasa, har da tamu. Da tsawo da faɗi da hotuna uku masu kyau, na gefe da na gaba da na sama, za ka iya farawa. Ganga daga katako mai laushi, ɗakunan sama daga kati ko falankin roba, sanduna daga wayar lantarki da aka fere, bindigogi daga ragowar wasu kwalaye. Shi ya sa ba na zubar da ko ɗan guntun da ya rage. Akwai gwangwanin madara da nake tara su.

Fenti da gam fa, su ma sai an yi oda?

Ba duka ba, kuma gara haka, domin fentin fesawa da na mai da tina kaya ne masu kama wuta, shaguna da yawa ba sa sa su a jirgin sama. Sufa-gulu yana kowane shago. Fentin akirilik na masu zane, wanda ake sirkawa da ruwa, ana samun sa wajen masu sayar wa ɗaliban zane kaya. Fari da baƙi da ɗigon shuɗi suna ba ka tokar jirgin yaƙi. Ka yi shafi uku marasa kauri, kada ka yi ɗaya mai kauri. Abin da zan hana ka shi ne fentin mota da tinarsa kai tsaye a kan roba, yana cinye ta. Abin yankan farce yana raba sassa da firam, abin goge farce kuma yana aikin sanfefa. Gam ɗin roba na musamman shi kaɗai nake roƙon matafiya su duba ko dokar jirgi ta yarda su riƙo.

Malam, babu matsala a addini?

Jirgi ba mai rai ba ne, kuma sanannen abu ne cewa Ibn Abbas ya shawarci mai sana'ar zane da ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Inda mutane suka fi tambaya shi ne 'yan ƙananan mutum-mutumin matuƙa da ke zuwa a wasu kwalaye. Ni ba na sa su, kuma jirgin bai rasa komai ba. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa.

Ɗana yana aji biyu na sakandare, ya nace sai Aradu. Da me zai fara?

Hajiya, kada a fara masa da rezin, kada kuma a kashe masa gwiwa. A saya masa ƙaramin jirgin roba guda a 1/700, irin na Tamiya, mai sassa kaɗan, ya koyi yanka da mannawa da haƙurin jiran fenti ya bushe. Reza kuma a gaban babba. Na biyu ya zama ɗan ajin Flower, ƙananan jiragen rakiya da suka yi ta kai da kawo har a tekun Afirka ta Yamma daga Firitawun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Revell yana da shi a 1/144, sassansa manya ne, hannun yaro yana iya riƙe su. A tsakanin nan a ba shi littafin rubutu guda, ya riƙa tara duk abin da ya samu game da Aradu: tsawonsa, faɗinsa, hotunansa, sunayen 'yan uwansa na Ajantina. Ya raba mita 125 da 350 da kansa, ya ja layin santimita 36 a shafin tsakiya, ya fara zana gangar a kai. Idan ya gama zanen gefe, ku turo shi da littafin ranar Asabar bayan la'asar, ina da katakon da zai isa ganga biyu.